Rashin sani ne ko ganganci ke damun masu tuƙi a titunan Kano?

Abban_Hafsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, na ga ya dace in kawo ta nan ko zan ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin hanya. Shekara 6 ke nan kullum ina fitowa daga Na'ibawa da misalin ƙarfe 7 na safe, in bi titin Zariya in nufi wurin aikina a Bompai, tafiyar da ba ta wuce minti 25 idan hanya ta yi kyau, amma a mafi yawan ranaku sai ta cinye mini awa guda. Cunkoson kansa bai cika damuna ba, domin gari mai jama'a kamar Kano ba ya rabuwa da shi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda mutane ke tuƙi kamar su kaɗai ne a kan titi.

Jiya da safe a wajen Unguwa Uku wani bawan Allah da ke can layin hagu ya karyo sitiyari ya ratso gabana zuwa dama, babu sigina, babu duba madubi, waya kuma tana maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗarsa. Na taka birki da ƙarfi, ɗan sahun da ke bayana ya daki bambar motata, wata mata da ke ciki da jariri a cinya ta bugu da ƙarfen da ke gabanta. Allah ya taƙaita. Mutumin ya tsaya, ya sauke gilashi, ya dube ni cikin mamaki na gaskiya ya ce, "Malam, ba ka gan ni ba ne?" Wallahi babu alamar raini a fuskarsa. Ya yi imani cewa tunda ya juya kan motarsa, hakkin kowa ne ya ba shi hanya.

Wannan tambayar tasa ce ta sa na fara tunanin cewa mun daɗe muna kiran abin da sunan da ba nasa ba. Muna cewa tuƙin ganganci, alhali mai ganganci shi ne wanda ya san doka ya take ta. Ni a ganina mafi yawan masu tuƙi a garin nan ba su san dokar ba ma, ba a taɓa koya musu ba, sun iya motsa mota ne kawai. Ko kun yarda da ni?

Hajiyar_Kabuga

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara kiyayewa, ya ba matar nan lafiya. Amma ban yarda da kai ba, kuma hujjata a kan danja take. Babu yaron firamare a Kano da bai san jan wuta na nufin a tsaya ba. Duk da haka, idan na tsaya a danja da safe a hanyata ta kai yara makaranta, sai na bayana ya ɗora hannu a kan oda kamar na kashe masa kasuwa, wani ma ya zagayo ta gefena ya leƙo ya ce, "Hajiya, ai babu kowa, ki wuce mana." Wannan mutumin dai, ranar da ya hango masu kaki a tsaye a mahaɗar, tun daga nesa zai fara rage gudu, har bel sai ka ga ya jawo ya ɗaura. Wanda iliminsa ke dawowa idan ya ga hukuma, ya ɓace idan ta tafi, ba jahili ba ne.

Sani_Yankaba

Hajiya ta gama magana. Idan rashin sani ne, me ya sa duk mai bin wan-we yake kunna fitila yana tafiya a raɓe kamar ɓarawon kaza?

Tsohon_Malami

'Ya'yana, ku bar ni in ɗan koma baya, domin ina ganin Abban Hafsa da Hajiya kowa ya riƙe ɓangare guda na gaskiya. Ina ɗan shekara 14 lokacin da Najeriya ta sauya daga tuƙin hannun hagu zuwa hannun dama, ranar 2 ga Afrilu, 1972. An shafe lokaci ana ta faɗakarwa a rediyo kafin ranar ta zo, har mu da ba mu da ko keke mun san abin da za a yi. Ƙasa guda ta sauya hannun da take bi a dare ɗaya, kuma aka zauna lafiya, saboda an ɗauki koyar da jama'a da muhimmanci.

Da na je neman lasisi bayan na fara koyarwa, jami'in duba motoci ne ya shiga gaba ya zauna kusa da ni. Ya sa na yi ribas tsakanin ganguna, ya kai ni kan tudu ya ce in tsaya in sake tashi ba tare da motar ta zame baya ba, sannan ya buɗe littafi ya dinga nuna mini alamomin hanya yana tambayar ma'anarsu. Na faɗi a karon farko saboda na taɓa ganga ɗaya, sai da na sake komawa. Yau jikana ya koyi mota a filin ƙwallon unguwa cikin kwana 4 a hannun abokinsa, wanda shi ma haka ya koya. Ya san jan danja, kamar yadda Hajiya ta faɗa, amma da na tambaye shi ma'anar farin layin da bai yanke ba a tsakiyar titi, sai ya ce ai ado ne.

Mai_Gaskiya_Hotoro

Baba, tunda ka buɗe wannan ƙofa, bari in tona wa kaina asiri. Ni ma ina da lasisi, amma babu wanda ya taɓa gwada tuƙina. Wani ɗan tsakani na ba kuɗi, aka kira ni ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu, bayan wasu makonni katin ya fito. A ƙa'ida ya kamata mutum ya kai shekara 18, ya bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, a gwada shi kafin a ba shi. Ni shekarun kaɗai na cika. Sai da na yi shekara 3 ina tuƙi kafin na san cewa ana duba madubin gefe kafin a sauya layi, kuma wani makanike ne ya gaya mini, ranar da na kai masa motar ƙofarta a lotse. Saboda haka ina bayan Abban Hafsa, domin ni kaina ina cikin mutanen da yake magana a kansu.

Ɗan_Sahu_Kurna

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na san ko ba a ambace mu da suna ba, ƙarshen zancen a kanmu zai sauka, don haka gara in yi magana tun yanzu. Shekara 9 ina jan adaidaita sahu tsakanin Kurna, titin Katsina da Sabon Gari. Ba zan ce ba ma laifi ba. Amma ina so masu motoci su san yadda ranarmu take. Mashin ɗin ba nawa ba ne, kullum akwai balas da zan kai wa mai shi, ko na samu ko ban samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da nake zubawa a tanki ya ninka ya sake ninkawa, fasinja kuma ba ya iya biyan abin da ya dace da wannan tsadar, domin shi ma a matse yake. Abin da ya rage mini shi ne in yawaita sawu.

Sannan ku tambayi kanku wane ne ke sa mu tsayawar ba-zata da kuke zaginmu a kai. Fasinja ba ya cewa zai sauka a gaba, sai an zo daidai ƙofar shagon da yake so ya daki kafaɗarka ya ce a nan. Idan ka wuce da shi taku 20 don ka samu wurin fakawa, sai ya ce ka cuce shi, wani ma ya rage kuɗin. Mai jira kuma a bakin gada ko tsakiyar kwana zai ɗaga hannu, idan ba ka tsaya ba na bayanka zai ɗauka. Sau nawa Alhaji mai babbar riga ya ce mini, "Yaro, bi ta nan ka yanke, sauri nake yi," alhali nan ɗin wan-we ce? Idan aka kama, ni za a ci tara, shi kuwa ya sauka ya tari wani.

Hajiyar_Kabuga

Ɗan'uwa, Allah ya buɗa maka, kuma na yarda fasinjoji muna da namu laifin. Sai dai ka lura, maganarka ta ƙara tabbatar da tawa. Ka san wan-we ce, ka san laifi ne, matsi ne ya sa ka bi. Wannan uzuri ne da za a iya tausaya masa, amma ba rashin sani ba ne.

Injiniya_Sharaɗa

Ina so in raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai sanin doka, akwai kuma sanin abin da mota ke iya yi da wanda ba ta iyawa, kuma a na biyun ne nake ganin jahilcin ya fi yawa, har a cikin masu digiri. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sunkuya ya duba saƙon WhatsApp na daƙiƙa 3 kacal ya yi tafiyar mita 50 ido a rufe, wato kusan rabin filin ƙwallo. Haka kuma idan ka ninka gudunka sau 2, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai yana ninkuwa ne sau 4. Dalilin da ya sa aka ƙayyade gudu a cikin gari a kilomita 50 a awa ke nan. Mutumin da ke manne wa bambarka a titin Gwarzo yana watsa maka fitila bai san wannan lissafin ba. Yana ganin ƙwarewa ce za ta tsayar da shi, alhali taya da kwalta ne ke yanke hukunci, kuma tayar tasa ta gwanjo ce da ta gama yayinta tun kafin ta shigo ƙasar.

Direban_Daf

Injiniya, Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da na rasa yadda zan faɗa. Ni babbar mota nake ja, daga Legas zuwa Kano, shekara 17. Idan na ɗauko lodi cikakke, ba na tsayawa a inda ƙaramar mota ke tsayawa, shi ya sa nake barin tazara mai faɗi a gabana. To wannan tazarar da na bari don ceton rai, ita mai ƙaramar mota yake gani a matsayin gurbin da Allah ya tanadar masa, sai ya faɗo ciki ya taka birki. Akwai kuma wurare a gefen damana da daf da hancin motar da ba na ganin komai ko da madubi nawa ne, mai babur ko ɗan sahu zai shige nan ya laɓe lokacin da nake shirin shan kwana. Idan abu ya faru, jama'a ba sa tambayar yadda aka yi, babbar mota ce mai laifi, direba kuma sai ya gudu ya ceci ransa. Ban wanke 'yan'uwana ba, akwai masu tuƙi cikin barci da masu shaye-shaye a cikinmu, kuma mun san su.

Baƙon_Maraɗi

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Kano. Ni daga Maraɗi nake, ina zuwa Kantin Kwari sarin atamfa kusan kowane wata ta hanyar Jibiya da Katsina. A wajenmu wanda ke son parmi, wato lasisin tuƙi, yakan shiga makarantar tuƙi, ya ci jarrabawar kod, wato dokokin hanya, sannan a gwada shi a kan mota. Duk da haka, ku zo ku ga yadda 'yan kabu-kabu ke yi a bakin babbar kasuwa, ba za ku ce kun bar gida ba. Shi ya sa nake ganin jarrabawa ita kaɗai ba ta gyara hali. Abin da ya fi ba ni tsoro a Kano dai shi ne oda. A nan kowa yana dannawa a kowane lokaci, har baƙo ya kasa gane wadda ke gargaɗi da wadda ke gaisuwa.

Uwar_Biyu

Tunda an ambaci Kwari, a gaya mini ina mai tafiya a ƙasa zai bi. 'Yan tebur sun cinye gefen titi, masu motoci sun faka a layi biyu, masu baro suna ta kai da kawowa, dole mu sauko tsakiyar kwalta da yaranmu. Kada kuma a manta da 'yan ɗaukar amarya, yara matasa a zaune a kan tagar mota, ana wasa da sitiyari hagu da dama a titin gidan Zoo da daddare. Iyayensu ne fa suka ba su makullin.

Sani_Yankaba

Maganar ɗaukar amarya ta isa a buɗe mata zaure nata daban. A unguwarmu an taɓa mayar da walima zaman makoki saboda wannan wasan.

Malam_Na_Zaure

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Akwai wata kalma da nake ganin tana ɗaure wa wannan ɓarna gindi, ita ce tsautsayi. Mutum zai fita da motar da ya san birkinta ba ya ci, ya yi gudun wuce sa'a, ya kaɗe ɗan mutane, sai a taru a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a yafe. Imani da ƙaddara wajibi ne, yafiya kuma alheri ce, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ya kuma ambaci kamewa daga cutar da mutane a cikin hakkokin hanya, ya sanya kawar da abin cutarwa daga kanta cikin rassan imani. Abin kunya ne a ce lokacin da tuƙi ya fi muni a garin nan shi ne dab da shan ruwa a watan azumi, mutum ya wuni yana ibada sannan ya zo ya kusa kashe wani saboda ƙosai da kunu. Game da tambayar Abban Hafsa kuwa, wanda ya hau abin da zai iya kashe rai ba tare da ya koyi hukuncinsa ba, rashin sanin nasa ma laifi ne a kansa.

Lauya_Ƙarami

Ina so in ƙara wani abu na tarihi, domin yana bayyana yadda titin ya cika da waɗanda ba a horar ba. Adaidaita sahu ta samo sunanta ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma da farko an kawo ta ne musamman don ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, ɗimbin matasan da ke wannan sana'a suka koma kan mai ƙafa uku. Sun zo da ɗabi'ar babur, wato kutsawa duk inda kai ya shiga, a kan abin hawan da ya fi babur faɗi nesa ba kusa ba. Hukumomi kuwa ba a rasa su ba, akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, akwai KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, tun 2012, ga 'yan sanda, ga masu duba lafiyar motoci. An kuma gina gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa, Kabuga, Dangi da sauransu. Gada tana raba motoci, amma duk wanda ya sauko daga kanta da halinsa yake saukowa.

Ɗan_Sahu_Kurna

Ranka ya daɗe, gaskiya ne, ni ma daga acaɓa na dawo. Wuni ɗaya aka nuna mini giya da ribas, washegari na fara ɗaukar fasinja.

Abban_Hafsa

Na gode wa kowa. Hajiya, hujjarki ta danja ta kama ni, ba ni da amsarta, kuma tunda laifi tudu ne, bari in sauko daga nawa in faɗa: ni ma na taɓa bin wan-we da dare don in guje wa zagaye mai nisa, kuma sarai na san abin da nake yi. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mutumin jiya bai san ya yi laifi ba. Bari in gwada mu a nan, mu da muke ta kukan wasu. Idan ka iso shataletale, wane ne ke da hanya, wanda ke ciki yana zagayawa ko wanda ke shirin shiga?

Sani_Yankaba

Wanda ke kan babban titi mana. Idan daga ƙaramin titi ka fito, kai za ka jira ko da ka riga ka shiga.

Mai_Gaskiya_Hotoro

Ni dai yayana da ya koya mini cewa ya yi wanda ya fara sa kai shi ke da hanya, kuma da wannan nake aiki har yau.

Tsohon_Malami

Inna lillahi. Wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya, mai shigowa ya dakata ya ba na hagunsa wuri, babu ruwan doka da girman titin da ka fito. Sani, shekara nawa ka yi kana tuƙi?

Sani_Yankaba

Shekara 12, Baba. Amma da zan tsaya ina jiran na ciki su ƙare a shataletalen da nake bi kullum, sai azahar ta same ni a wurin, na bayana kuma sun cinye ni da oda.

Hajiyar_Kabuga

To kun gani, yanzu an gaya masa ya sani, kuma ya riga ya sanar da mu cewa gobe ba zai tsaya ba. Malam Abban Hafsa, a wane layi za ka sa wannan?

Abban_Hafsa

Hajiya, a bar ni in kwana da wannan tambayar. Yanzu na dawo daga wurin mai gyaran jikin mota, ya ce bambar sai an cire an gasa ta, fitilar baya kuma sai an nemo a Ƙofar Ruwa, in dawo ranar Alhamis. Kafin nan a adaidaita sahu zan riƙa zuwa aiki. Malam na Kurna, na yi alkawari zan faɗi inda zan sauka tun da sauran tafiya.